Tiransimitar FM: Abin da Zafin Jega da Kuɗin Dizal Ke Nema Daga Injiniya

Direbobin da ke lodi a tashar Jega zuwa Sakkwato ko Yawuri da yawansu suna yawo da gidan rediyo a cikin mota ba tare da sun kira shi da wannan suna ba. Ita ce 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari, a sa mata memori, a murɗa rediyon motar zuwa wata lamba kamar 87.5, sai karatu ko waƙa ta fito. Tiransimita ce ta FM cikakkiya, sai dai ƙarfinta bai wuce ya cika motar ya ɗan leƙa waje ba. Abin da ke cikinta, a ƙa'ida, shi ne ke cikin injin da ke watsa shirye-shiryen Equity FM daga Birnin Kebbi ko Freedom Radio daga Kano. Bambancin yana wajen girma, da tsabtar siginar, da kuma abin da masu gidajen rediyo suka fi kuka da shi, wato yawan wutar da injin ke sha kafin ya fitar da murya.

Muryar mutum ba ta tafiya nesa da kanta. Kaɗawar da kunne ke ji a rediyo tana tsakanin sau 30 zuwa sau 15,000 a daƙiƙa, kuma eriyar da za ta iya harba irin wannan kaɗawa a sarari sai ta kai tsawon kilomitoci. Don haka ake samar da wata igiyar lantarki mai saurin kaɗawa ƙwarai, a ɗora mata muryar ta kai ta. A zangon FM wannan igiya tana kaɗawa tsakanin sau miliyan 87.5 zuwa miliyan 108 a daƙiƙa, kuma shi ne lambar da mai gabatarwa ke faɗa idan ya ce megahaz kaza. Hanyar ɗora muryar iri biyu ce. A tsarin AM, wanda Rediyon Najeriya Kaduna ya shiga da shi kowane lungu na ƙasar Hausa a matsakaici da gajeren zango, ƙarfin igiyar ne ke hawa da sauka daidai da muryar. A tsarin FM ƙarfin yana nan yadda yake, saurin kaɗawar ne ke ƙaruwa yana raguwa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu ya ga wannan da idonsa. Makaɗin yana iya bugawa da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, amma da ya matse tsarkiya a hammata sai amon ya yi sama, da ya saki sai ya yi ƙasa, kuma a cikin wannan hawa da saukar ne mahauta ke jin kirarinsu. Saƙon kalangu yana cikin canjin amo, saƙon FM ma haka.

Ba-Amurke Edwin Armstrong ne ya tabbatar da amfanin wannan tsari. Tun 1922 wani masanin lissafi na kamfanin tarho, John Carson, ya nuna cewa FM ba ya rage faɗin wurin da siginar ke ci a sararin zango, sai mutane suka watsar da shi. Armstrong ya juya maganar. Maimakon a matse siginar, sai ya buɗe ta da gangan, ya gano cewa faɗin da aka bayar ana samun ladansa a tsabtar sauti. Ya samu takardun mallakar ƙirƙirarsa a watan Disamba na 1933, ya gwada ta gaban injiniyoyi a New York a 1935, ya gina tasharsa a Alpine da ke jihar New Jersey. Ƙarshensa bai yi daɗi ba, don shari'a da manyan kamfanoni ta cinye dukiyarsa kafin rasuwarsa a 1954. FM bai iso Najeriya ba sai 1977, a Legas, kuma bai zama ruwan dare ba sai bayan dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Ray Power ta fara a 1994, Freedom ta Kano a 2003.

Duk wanda ya saurari gajeren zango da damina ya san ƙarar da ke katse labarai duk lokacin da aka yi walƙiya. Walƙiya, da tartsatsin fulogin babur, da janareta maras kyau, duk suna shiga rediyo ne a matsayin tsalle a ƙarfin igiya. Akwatin AM ba shi da yadda zai bambanta wannan tsalle da muryar mai labarai, tunda ita ma a ƙarfin take. Akwatin FM kuwa yana da sashen da ke aske duk wani hawa da saukar ƙarfi ya zubar, ya karanta saurin kaɗawa kaɗai. Shi ya sa sautin ke fita tas. Amma FM yana da nasa hali. Muddin siginar na da ƙarfi sauti garau ne, da ta faɗi ƙasa da wani mataki sai shuuu ta rufe komai lokaci guda. Haka kuma idan tashoshi biyu suka haɗu a lamba ɗaya, mai ƙarfin ce ke danne ɗayar gaba ɗaya.

Zuciyar tiransimita ita ce sashen da ke haifar da kaɗawar. A mafi sauƙin tsari, irin wanda ɗaliban injiniyan lantarki ke haɗawa a jami'o'i da kwalejojin fasaha, tiransista ɗaya ce da 'yar naɗaɗɗiyar waya ta jan ƙarfe da kafasita. Wayar da kafasitar ne ke yanke saurin kaɗawa. Sai a ƙara wata diyod ta musamman, barakta, wadda ke canza halinta na kafasita gwargwadon wutar da aka ba ta. Idan aka kai mata muryar da ta fito daga makirufo, saurin kaɗawar sai ya bi muryar, FM ta samu ke nan. Kayan duka ba su fi a zuba a tafin hannu ba, kuma mai gyaran rediyo a kasuwa zai iya ciro rabinsu daga matattun akwatuna.

Matsalar wannan tsari ita ce ba ya zama wuri ɗaya, kuma a ƙasarmu abin ya fi muni. Jan ƙarfe yana buɗewa da zafi, kafasita ma tana sauyawa. Idan kayan suka motsa da kashi 100 cikin miliyan a kowane digiri na zafi, wanda ba abin mamaki ba ne ga kaya masu araha, to a megahaz 100 tashar za ta gusa da kilohaz 10 a kowane digiri. A watan Afrilu, tsakanin asuba da azahar a Aliero zafi kan tashi da digiri 15 ko fiye, ya haye 40. Lissafin ya ba da kilohaz 150. Wanda ya kama tashar da safe zai neme ta ya rasa kafin la'asar, ta koma gefen maƙwabciyarta. Ko hannu mutum ya kai kusa da wayar sai lambar ta motsa. Tashar watsa labarai ta gaske ba a yarda ta kauce da fiye da kilohaz 2 ko makamancin haka ba.

Maganin shi ne kiristal, ɗan yankin dutsen kwaz da ke kaɗawa da sauri guda, zafi ko sanyi ba su cika girgiza shi ba. Sai dai taurin kan da ya sa ake son sa shi ne ya sa ba ya yarda murya ta ja shi sama da ƙasa yadda FM ke buƙata. Armstrong ya bi ta bayan gida: ya ɗan motsa siginar kiristal kaɗan, sannan ya yi ta ninka ta mataki-mataki har motsin ya kai girman da ake so. Hanyar ta yi aiki amma tana cin kaya da wuta. Abin da ya maye gurbinta shi ne tsarin da injiniyoyi ke kira PLL. A nan ana barin sashen barakta ya yi kaɗawarsa, amma ana ɗibar kaɗan daga abin da ya fitar, a rarraba shi har ya sauko daidai da na kiristal, a gwada su. Da ya fara gusawa sai a aika masa da wutar gyara ta dawo da shi. Gwanintar mai ƙira tana wajen saurin wannan gyara. Idan gyaran ya cika sauri, zai ɗauki muryar kanta a matsayin kuskure ya goge ta, kuma sautin ƙasa, irin na ganga da muryar dattijo, shi ne ke fara ɓacewa. Idan ya cika nawa, injin zai daɗe bai kama lambarsa ba bayan an kunna, abin da ke da muhimmanci a wurin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini. Injinan zamani da yawa sun tsallake wannan duka, suna lissafa igiyar da ƙwaƙwalwar kwamfuta su fitar da ita kai tsaye. Suna da kyau ƙwarai, amma in sun lalace mai gyara na gari ba shi da abin yi sai jiran sabon allo daga Legas ko waje, kuma wannan ma abin sawa ne a ma'auni.

Akwai iyakar da aka sa wa motsin: kilohaz 75 sama, 75 ƙasa. Ƙa'idar Carson ta ce faɗin da siginar za ta ci shi ne a haɗa wannan 75 da 15 na mafi tsinin sauti a ninka biyu, wato kilohaz 180. Mai gabatarwar da ke ɗaga murya yana murɗa makunni har ƙarshe ba ya ƙara wa tasharsa nisa ko taku ɗaya, tunda ƙarfin igiyar ba ya canzawa. Abin da yake yi shi ne tsallake iyakar 75, sautinsa ya farfashe a kunnen mai sauraro, ya kuma fantsama cikin tashar da ke gefe. Saboda haka na'urar da ke danne sauti kafin ya shiga tiransimita ba kayan ado ba ce. Ana kuma ɗaga siraran sautuka kafin a watsa, akwatin mai sauraro ya sauke su, shuuu ɗin ta sauka tare da su. Ma'aunin wannan a Afirka da Turai maikurosakan 50 ne, a Amurka 75, kuma injin da aka sayo da saitin Amurka ba a gyara ba yakan sa sauti ya yi tsini fiye da kima.

Inda kuɗi suke shi ne sashen ƙarshe, mai ƙara ƙarfi. Abin da ke fitowa daga zuciyar injin bai kai wat ɗaya ba, sai an bi da shi matakai har ya kai wat 300 ko 1,000 ko 5,000. A nan ne rashin canjin ƙarfin FM ya zama alheri. Siginar da saƙonta ke cikin hawa da saukar ƙarfi tana buƙatar amfilifaya mai kwafe siffarta daidai, irin wannan kuwa tiransistarsa a kunne take kusan koyaushe tana ƙona wuta. Ajin da ake kira A ko a takarda ba ya wuce kashi 50 cikin 100, a aikace kuma yana ƙasa da haka sosai. FM ba ta damu da siffar ƙarfi ba, don haka ana iya amfani da ajin C, inda tiransista ke buɗewa na ƙasa da rabin kowane zagaye ta yi tunkuɗa ɗaya ta rufe, waya da kafasita su ƙarasa sauran zagayen da kansu. Tiransistar da ke rufe ba ta cin wuta. Da wannan dabara ana samun kashi 70 zuwa 80 a wannan sashe, kuma injinan yau masu tiransistar LDMOS suna kaiwa kashi 70 da 'yan kai idan aka auna tun daga soket har bakin eriya.

A sa lambobi a gani. Tashar da ke fitar da kilowat 5 da injin da ingancinsa kashi 50 ne tana jan kilowat 10. Da injin kashi 72 za ta ja kusan 7. Ratar kilowat 3 ce, a awa 18 na watsa shiri ta zama yunit 54 a yini. Janaretan dizal yana ba da wajen yunit 3 a kowace lita, wato lita 18 ke nan kullum da aka ƙona ba ta zama murya a kunnen kowa ba. Ba a nan ta tsaya ba. Wutar da ba ta fita ta eriya ba zafi take zama a cikin ɗaki: kilowat 5 a injin farko, ƙasa da 2 a na biyu. Sai an sa na'urar sanyaya ɗaki ta kwashe shi, ita ma da dizal. Idan mai sauraro ya ji tasharsa ta yi shiru da tsakar rana ta dawo da yamma, sau da yawa wannan lissafi ne ya kashe ta.

Ajin C yana da haraji. Tunkuɗar da tiransista ke yi tana haifar da 'ya'yan siginar a ninki biyu da ninki uku na lambar tashar. Tashar da ke megahaz 100 za ta fitar da wani abu a 200, cikin zangon talabijin. Dab da ƙarshen zangon FM kuma, daga 108 zuwa 137, zangon jiragen sama ne, na'urorin sauka da maganar matuƙa da hasumiya, kuma filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi ba shi da nisa da Jega. Matatar da ke tare waɗannan 'ya'ya, 'yan wayoyi ne da kafasitoci a bakin fita, ita ce abin da masu haɗa injin araha suka fi yawan tsallakewa, don injin yana aiki ba tare da ita ba kuma mai shi ba ya jin ɓarnar a rediyonsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa watsa shiri ba da lasisi ba laifi ne, ko da niyyar mai yin ta alheri ce.

Sai maganar nisan da siginar ke kaiwa. Jega, Aliero da Maiyama kusa suke da juna. A miƙe, daga Jega zuwa kowanne daga cikin biyun bai kai kilomita 20 ba, Birnin Kebbi kuma tana sama da kilomita 30 daga Jega, ta fi haka daga Maiyama. Igiyar FM ba ta bin lanƙwasar ƙasa yadda matsakaicin zango ke yi, ba ta kuma dawowa daga sama yadda gajeren zango ke kawo BBC Hausa daga wata nahiya. Kusan iya inda eriya ke hangowa take kaiwa. Lissafin da injiniyoyi ke yi shi ne a ɗauki tushen murabba'in tsawon hasumiya a mita a ninka da 4.1. Hasumiya mai mita 36 tana hango wajen kilomita 25, mai mita 100 tana hango 41. Bayan wannan layi siginar na raunana da sauri, kuma ƙarin wat ba ya saye nisa da araha: ko a fili babu shinge sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninku biyu, a doron ƙasa kuwa abin ya fi haka tsada. Ni a ganina wanda ke son ƙauyukan Kimba, Sabiyal da Andarai su ji shi, gara ya kashe kuɗinsa a ƙarfen hasumiya da eriya mai kyau a tsakiyar yankin da ya sayi injin kilowat 5 ya ɗora a kan gajeren bututu.

Eriyar ma tana ba da riba kyauta. A megahaz 100 tsawon igiya mita 3 ne, eriya mai rabin tsawon tana kusan mita ɗaya da rabi. Idan aka jera huɗu a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, suna tattara ƙarfin da zai tafi sama a banza su shimfiɗa shi a kwance, sai wat 300 ya yi aikin wajen wat 1,000. A ɗaya gefen, wayar da ke hawa hasumiya tana iya cinye ribar. Siririyar RG-58 tana zubar da rabin ƙarfi a mita 20 kacal. Wayar dish da ake samu a kowane shago om 75 ce, tiransimita kuma om 50 take nema. Duk inda eriya da waya da inji ba su dace ba, wani kaso na ƙarfin yana dawowa baya ya sauka a kan tiransistar ƙarshe, wadda ita ce mafi tsada a cikin akwatin.

Ƙaramar tasha ta wat 300 mai ingancin kashi 70 tana jan wat 430, wato yunit 5 da ɗan kai a awa 12. Falankin sola huɗu masu wat 400 da batura za su riƙe wannan a ranar Kebbi, ban da kayan ɗakin shiri. In ingancin ya sauka zuwa kashi 40, falanki da batura sai sun kusa ninkawa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu a wannan hanya: a 1999 aka buɗe rediyon al'umma a Bankilare da ƙaramin inji mai aiki da hasken rana, kuma daga nan irinsa suka bazu a ƙasar har suka haura ɗari. Najeriya sai a 2015 ta amince da lasisin rediyon al'umma 17 na farko. Buƙatar kuwa a bayyane take. Manomin albasa na Aliero yana son jin farashin buhu kafin ya yi lodi zuwa Kudu, mai shinkafa a fadamar Gulbin Zamfara yana son gargaɗi kafin ruwa ya zo irin na 2020, kuma ƙaramar wayar da ke aljihunsa tana kama FM ba tare da ya sayi data ba.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da tsangayar injiniya, Kwalejin Waziri Umaru tana Birnin Kebbi, kuma haɗa ƙaramar tiransimita na cikin ayyukan kammala karatu da ɗaliban lantarki suka saba zaɓa a ko'ina a ƙasar nan. Abin da aka saba shi ne ɗalibi ya kunna, a ji muryarsa a rediyo daga ƙarshen baranda, a tafa. Wannan gwajin na Armstrong ne, an gama shi tun 1935. Tambayoyin da suka dace da nan daban ne. Wat nawa ya shiga, wat nawa ya fita? Ina lambar take da ƙarfe 7 na safe, ina take da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano ba fanka? Me ke fita a ninki biyu na lambar? In aka cire eriya da gangan, injin zai kare kansa ko tiransistar za ta ƙone? In wuta ta sauka daga bolt 230 zuwa 170 ta dawo da tsalle, zai jure? Ƙarfen da ke shanye zafi an auna shi ne da iskar digiri 25 da ke cikin takardar masana'anta ko da digiri 45, bayan ƙurar hunturu ta toshe rabin ramukan iskar? Sannan hasumiya a fili irin na Maiyama ita ce mafi tsawo a wurin, tsawa za ta neme ta, kuma sandar ƙasa da aka kafa a busasshen yashi da rani ba ta kai wutar ko'ina sai an zurfafa ta ta taɓa danshi, an haɗa ƙafafun hasumiyar da jikin injin da ita da jan ƙarfe mai kauri.